Yadda ake haɗa ƙaramar motar roba a yi mata fenti ta fito kamar ta gaske

Idan ka buɗe kwalin ba mota za ka gani ba. Firam-firam ne na roba, kowanne ɗauke da ƙananan sassa masu lamba, sai bodin motar shi kaɗai a cikin leda, da tayoyi, da gilasai, da 'yar takardar sitika, da littafin umarni mai zane-zane. Babu fenti a ciki, babu gam. Kai ne makanike, kai ne mai gyaran bodi, kai ne fenta. Wanda ya taɓa yin motar kara ko ta gwangwani yana yaro ya san daɗin abin. Sai dai a nan an riga an yi maka awo daidai da na motar gaske, an rage shi.

Wannan ragewar ita ce lambar da ke jikin kwali. Idan an rubuta 1/24, an raba tsawo da faɗi da tashin motar gida 24 ke nan, an ɗauki ɗaya. Kamfanonin Japan irin su Tamiya da Aoshima da Fujimi da Hasegawa, waɗanda dukkansu a yankin Shizuoka suke, sun fi yin motoci a 1/24. Na Amurka irin su AMT da MPC sun fi yin 1/25. Akwai 1/20 na motocin tseren Formula 1, akwai 1/12 manya masu tsada, akwai 1/43 da sai da gilashin ƙara girma. Sabon shiga ya tsaya a 1/24.

Zan yi bayanin ne da mota guda, Volkswagen Beetle 1300 ƙirar 1966 ta kamfanin Tamiya, mai lamba 24136. Dalilina biyu ne. Sassan Tamiya suna shiga juna ba gardama, don haka ba za ka ɓata mako guda kana kokawa da abin da ya ƙi zama ba. Sannan Bitil mota ce da idonmu ya sani, tun da an yi ta haɗa ta a Legas daga 1975, har yanzu kuma akan ci karo da ita a garejin wani dattijo. Ta gaske ta ɗan haura mita 4, taka za ta kai kimanin santimita 17. Wanda ransa ya fi kwanta wa Land Cruiser 80 ta Tamiya ko Hilux da Hiace na Aoshima ya saya, aikin duk ɗaya ne.

Kayan aiki

Ba sai ka tara kaya da yawa ba. Kana bukatar ƙaramar filaya mai yanka, wadda gefenta ɗaya yake a shafe. Sai aska mai tsini, irin ta asibiti mai lamba 11, da mariƙinta. Sai hantsaki, da tsinken sakace, da tsinken auduga na goge kunne, da buroshin fenti uku: mai tsini sosai, matsakaici, da mai faɗi. Sanfefa ka nemi irin wadda ake jiƙawa da ruwa, lamba 400, 600, 1000, 1500 da 2000. Masu sayar da fentin mota suna da ita, a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba za ka sha wuyar samu ba. Yawan lambar shi ne laushinta.

Gam iri uku ne, kowanne da wurinsa. Na farko shi ne gam ɗin roba mai ruwa-ruwa, irin Tamiya Extra Thin mai koren murfi. Shi ba manna abu yake yi ba, narkar da fuskar robar yake yi har sassan biyu su zama ɗaya. Shi ya sa ba ya kama wurin da ke da fenti ko kurom, wato rufin nan mai ƙyallin azurfa, sai an kankare. Na biyu sufa gulu, don ƙarfe da waya da abin da aka riga aka fente. Na uku farin gam na kafintoci, don gilas da fitilu da ƙananan sassan da ake sawa a ƙarshe.

Sai tef ɗin takarda na rufe wuri. Na Tamiya mai ruwan ɗorawa ya fi, domin ba ya ɗago fenti kuma fenti ba ya bi ta ƙarƙashinsa. Salatif kada ya kusanci bodinka.

Kafin ka yanka komai

Ka zauna da littafin umarni ka bi shi daga farko har ƙarshe, da biro a hannu. Ko ba ka jin Turanci ko Japananci zanen ya isa. Kusa da kowane sashe akwai lambarsa, misali B12, wato firam B sashe na 12, da lambar fentin da ya dace da shi. A tsarin Tamiya, X fenti ne mai sheƙi, XF mara sheƙi, TS na gwangwanin feshi. Ka yi wa sassan da launinsu ɗaya alama, don ka fente su a zama guda.

Daga nan ka wanke firam ɗin da bodin a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye ka bar su su bushe da kansu. Maiƙon masana'anta da na yatsu ne ake cirewa. Ka toshe mafitar ruwa idan a wurin wanke hannu kake, ƙaramin sashe ba ya sallama idan zai tafi.

Wurin yanka, kada ka murɗe sashe da hannu. Ka yanke shi da filaya nesa kaɗan da jikinsa, ka bar ɗan guntun wuya, sannan ka dawo ka rage guntun da aska, ka shafe da sanfefa 600. Idan ka yanka dab da jiki, robar takan yi farin tabo ko ta ɓalle da ɗan rami. Kuma sai za ka yi aiki da sashe za ka cire shi, domin lambar a jikin firam take, ba a jikinsa ba. Kowane abu ka gwada shi a mazauninsa ba gam tukuna.

Bodi ne farko, ko da littafi ya sa shi a ƙarshe

Kusan kowane littafin umarni da inji yake farawa, ya bar bodi sai shafukan ƙarshe. A nan ni ba na bin littafi. Fentin bodi yana bukatar kwanaki kafin ya yi tauri, don haka idan ka fara da shi, kwanakin jiran sai su tafi wurin haɗa inji da kujeru. Wanda ya bar shi ƙarshe zai zauna komai ya kammala sai bodi, zumuɗi ya ɗebe shi ya taɓa fenti ɗanye. Mafi yawan motocin da suka lalace a nan suka lalace.

Kuma ƙyallin da kake gani a motocin ƙwararru ba daga gwangwanin fenti yake fitowa ba. Daga wannan matakin yake, kafin fenti. Fenti mai sheƙi ba ya ɓoye aibi, tona shi yake yi.

Ka ɗauki bodin ka kai shi gaban taga, ka riƙa juya shi a haske. Za ka ga wani siririn layi da ya taso, yana bi ta saman madigadi, ta gefen rufi, ya sauka wajen fitilu. Nan ne ɓangarorin mazubin masana'anta suka haɗu, motar gaske ba ta da shi. Idan ido ya kasa gani, farce zai ji. Ka bi shi da alƙalamin maka don kada ya ɓace maka, ka goge da sanfefa 600 a jiƙe har tawadar ta tafi, ka bi da 1000. A Bitil sai ka yi hattara, domin jikinta duk lanƙwasa ne. Ka naɗe sanfefar a yatsa ko a ɗan soso, ka bi lanƙwasar. Idan ka sa katako mai faɗi za ka daddaɓe wurin da ya kamata ya zama a zagaye. Ka kiyayi siririn adon kurom na gefen mota da rubutun da ke jiki, ka rufe su da tef kafin ka goge kusa da su.

Wani lokaci za ka tarar da ɗan loɓawa a inda robar ta yi kauri ta ciki. Ka cike da fotin roba na Tamiya, shafi kaɗan-kaɗan, ka bar shi ya kwana domin yana motsewa idan ya bushe, sannan ka goge.

Sai layukan ƙofofi da na bonet. Fenti hawa huɗu ko biyar zai cike su, motar ta fito kamar ba ta da ƙofa. Ka juya askar ta bayanta, ka ja ta cikin layin a hankali sau da yawa ba tare da dannawa ba, har ya ɗan ƙara zurfi. A kwana ka rage sauri, nan ne aska ke zamewa ta tsaga ƙofa. A ƙarshe ka bi bodin duka da sanfefa 1000 ko 1500 har sheƙin robar ya dushe, ka sake wankewa. Daga nan ba ka ƙara riƙe shi da hannu tsirara.

Ka lanƙwasa hangar waya ta tokare bodin ta ciki, ka ɗaure da tef, ta zama mariƙi. Ka tanadi kwali ko robar abinci babba mai tsabta da za ka kifa a kansa da zarar ka gama feshi.

Firaima da fenti

Fenti iri uku ne, kuma ba kowanne ke zaman lafiya a kan ɗan'uwansa ba. Akwai mai tina irin na mota, wanda za ka ga an rubuta lacquer a jikinsa, su TS na Tamiya da Mr. Color. Ya fi saurin bushewa, ya fi tauri, ya fi gogewa. Akwai fentin mai, irin Humbrol, mai jinkirin bushewa. Akwai akirilik, irin ƙananan kwalaben X da XF. Ƙa'idar ita ce mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Fentin mai ko akirilik zai hau kan mai tina lafiya. Amma ka fesa mai tina a kan fentin mai, nan take zai yamutse ya yi tamoji.

Ga wata matsala tamu. Kwalin mota ana iya yin odarsa ta intanet ya iso, amma gwangwanin feshi da tina masu jigila ta jirgin sama ba kasafai suke karɓa ba, saboda suna kama wuta. Mutane da yawa sai su koma ga gwangwanin feshi na kasuwa. Yana yi, da sharaɗi. Tinar da ke cikin wasunsu tana cin irin wannan robar, ta bar ta da tsattsagewa. Don haka ka sayi farin cokalin roba na biki, ka yi masa duk abin da za ka yi wa motar, firaima da launi da fentin sheƙi, bi da bi. Idan cokali ya kwana lafiya, sai ka gwada a guntun firam ɗin motar kanta. Ba na fesa wa bodi abin da ban gwada a cokali ba, ko na wane kamfani ne.

Firaima ita ce shimfiɗa. Tana sa fenti ya kama, tana kare robar daga tina, tana kuma nuna maka aibin da ya rage. Ruwan toka ta fi nuna aibi. Amma idan fari ko ja ko rawaya za ka yi, ka ƙare da farar firaima, in ba haka ba jan zai fito a dushe. Ka fesa hawa biyu marasa kauri, ka bar ta ta kwana, ka duba a haske. Layin da ka zaci ya tafi zai sake bayyana. Ka goge, ka sake fesawa. Idan ta yi daidai ka shafe ta da 2000 a jiƙe, a hankali, ka wanke ka busar.

Yanayin gari yana da hannu sosai a wannan aiki, kuma littafin da aka rubuta a Japan bai san da namu ba. A hunturu iska a bushe take, fenti na son haka, amma ƙura ce abokiyar gaba. Ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin, ka jira ƙura ta kwanta, kada ka sa rigar sanyi mai gashi, kuma kada ka goge bodin da busasshen ƙyalle domin hakan ke sa roba ta riƙa janyo ƙura. A bazara, da rana tsaka, fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka, sai jiki ya fito da gautsi kamar yashi. Ka yi feshinka da sassafe, bayan gari ya waye. A damina kuma, musamman a Agusta, laima ce ke shiga fenti mai tina ta bar masa farin hazo. Ranar da hadari ya haɗu ko aka kwana ana ruwa, ka haƙura.

Ka girgiza gwangwanin minti biyu cur. Idan da sanyi ka tsoma shi a ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, na 'yan mintuna. Ba a ɗora shi a wuta, ba a shanya shi a rana. Ka yi feshi a waje ko a bakin taga, nesa da murhu da janareto, da takunkumi mai matatar sinadari. Na ƙyalle ba ya tare tururin tina.

Tazara tsakanin gwangwani da bodi kamar santimita 20 zuwa 25. Ka fara danna feshin kafin ka iso motar, ka wuce da shi a miƙe, ka saki bayan ka wuce ta. Hannu ba ya tsayawa a kan bodi. Hawa na farko raɓa ce kawai, firaima tana leƙowa ta ƙasa, kuma zai yi maka muni. Haka ake so. Ka jira minti 15, ka ƙara na biyu, ka ƙara na uku har launi ya rufe. Ka fara da lungu, ƙasan madigadi da gefen tagogi, kafin rufi da bonet. Hawa na ƙarshe shi ne mai jiƙa: ka ɗan matso, ka ɗan rage sauri, har fuskar ta yi sheƙin ruwa, ka tsaya nan. Taki ɗaya bayan wannan fenti zai zubo.

Idan ya zubo, ko ƙura ta faɗa, ko ƙwaro ya sauka, kada ka sa hannu. Ka kifa kwali ka tafi. Bayan kwana biyu ka goge wurin da 1500 a jiƙe ka sake hawa ɗaya. Idan ka ga ƙananan ramuka zagayayyu da fenti ya guje wa, maiƙo ne ya rage a jiki. Idan abin ya lalace gaba ɗaya, akan jiƙa bodin a sifirit mai ƙarfi na isofurofil ko man birki a tuɓe fentin a sake, sai dai man birki yakan sa roba ta yi gautsi idan ta daɗe a ciki.

Kada ka manta, dashbod ɗin Bitil ta 1966 ƙarfe ne mai launin bodi. Ka fesa shi tare da murfin inji da duk wani abin da ke ɗaukar launin, a rana ɗaya daga gwangwani ɗaya, don kada launi ya saɓa.

Inji da ƙasan mota da ciki

Yanzu bodi yana ƙarƙashin kwali, sai a koma shafin farko na littafi. Injin Bitil a baya yake, silinda huɗu a kwance biyu na fuskantar biyu, iska ke sanyaya shi, don haka kada ka nemi lagireto. Sassan da suka zo rabi biyu ka haɗa su tukuna: ka matse su, ka taɓa bakin haɗin da buroshin gam, gam ɗin zai bi layin da kansa. Idan ya bushe ka kankare ɗinkin, sannan fenti.

Abin da ke sa ƙaramin inji ya yi kama da na gaske shi ne bambancin baƙi da baƙi, da ƙarfe da ƙarfe. Murfin fanka baƙi mai ɗan sheƙi, X-18. Fambel da robobi baƙi mara sheƙi, XF-1. Jikin inji da giyabos launin alminiyom, XF-16. Salansa ƙarfe mai duhu da ɗan ruwan ƙasa. Ka sirka fentin kwalba da ɗan X-20A, ruwan sirka akirilik na Tamiya, ka shafa hawa biyu sirara maimakon ɗaya mai kauri, kuma kada ka koma kan wurin da ya fara bushewa. Bayan ya bushe ka sirka baƙin fentin mai ya zama ruwa-ruwa, ka ɗiga a lunguna, zai bi ramuka ya fito da kusoshi. Ka share abin da ya wuce da tsinken auduga. Kaɗan ya isa, tinar fentin mai tana iya tsaga roba a wurin da ke ɗauke da nauyi.

Mai son ƙari zai iya sa wayoyin fulogi. Lissafin mai sauƙi ne: wayar gaske kaurinta kamar milimita 7, a raba 24, kusan 0.3 ke nan. Siririyar waya daga cikin mataccen abin sauraren kunne takan yi daidai. Ka huda da ƙaramin abin huji na hannu, ka ɗiga sufa gulu da tsinken sakace. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa waya mai kauri, sai inji ya zama kamar an ɗaure shi da igiya. Haka bel ɗin kujera, faɗin santimita 5 yana komawa milimita 2, tef ɗin takarda da aka fente ya wadatar.

Cikin mota duk mara sheƙi ne ko mai ɗan sheƙi, kujera mai ƙyalli tana tona asirin roba. Tayoyi kuma ka goge fuskar da ke taka ƙasa da sanfefa 400, ɗinkin tsakiya ya tafi, sabuntar ta dushe. Kafin gam ɗin ƙafafu ya kama, ka ɗora shasin a kan gilas ka tabbata tayoyi huɗu duk sun taka.

Sitika da sheƙi

Sitikar waɗannan motoci da ruwa ake ɗora ta. Ka yanko guda, ka tsoma a ruwan ɗumi daƙiƙa 10 zuwa 15, ka ajiye a kan tishu har ta fara zamewa a kan takardarta. Ka jiƙa wurin, ka zamar da ita kai tsaye daga takarda zuwa jiki, ka daidaita da buroshi mai ruwa, ka mirgina tsinken auduga daga tsakiya zuwa gefe. A kan fenti mai sheƙi kaɗai take kwanciya da kyau. A kan mara sheƙi iska na maƙalewa a ƙasa ta yi fari-fari. Inda akwai lanƙwasa ana shafa ruwan laushi irin Micro Sol ko Mark Fit. Za ta yamutse ka zaci ta lalace. Kada ka taɓa, da kanta za ta miƙe. Bitil ba ta da sitika da yawa, mai haɗa motar tsere shi zai sha wannan aikin.

Bayan kwana biyu sai fentin sheƙi mara launi, irin TS-13. Yana da zafi a kan sitika, saboda haka hawa biyu na farko raɓa-raɓa, da tazara a tsakani, sannan biyu masu jiƙa. Sai jira na gaske, mako guda aƙalla ga mai tina, fentin mai kuwa ya fi haka nesa. Ka kai hancinka kusa da bodin, muddin kana jin warin tina bai gama ba.

Idan ka duba a haske za ka ga fuskar da ƙananan tudu irin na ɓawon lemo. Ka goge da 2000 a jiƙe, da 3000 idan ka samu, ba dannawa, har sheƙin ya dushe bai ɗaya. Ka nisanci kaifin gefe da kan layuka, fenti ya fi siranta a nan. Da ka ga launi a jikin sanfefa, ka riga ka huda fentin sheƙi ke nan, sai ka tsaya. Sai man gogewa. Na Tamiya hawa uku ne, mai gautsi da mai laushi da na gamawa, kowanne da ƙyallensa na tsohuwar singileti mai laushi. Ni dai a tsohuwar mota irin wannan ba na kai gogewar ƙarshe. Bitil ta 1966 ba ta fito daga masana'antarta ta Wolfsburg a Jamus tana ƙyalli kamar madubi ba, sheƙin da ya wuce kima yana mai da ita abin wasan yara.

Gilas da kurom da haɗawar ƙarshe

Sufa gulu ba ya zuwa kusa da gilas, tururinsa yana barin farin hazo. Gam ɗin roba kuma yana narka shi. Farin gam za ka ɗiga da tsinke a gefe-gefe, idan ya bushe ba a ganinsa, idan ya fito ruwa ke share shi. Gilas ɗin ya fi sauran robar gautsi, ka yanke shi nesa da jiki ka rage a hankali.

Robar da ke zagaye tagogi baƙa ce, ka rufe da tef ka bi da X-18. Adon kurom na gefe da na bonet an fi yin sa da Bare-Metal Foil, wata siririyar takardar alminiyom mai gam: a ɗora, a danna da tsinken auduga, a bi gefen da sabuwar aska ba dannawa, a ɗage ragowar. Wanda bai samu ba ya yi da alƙalamin kurom na Molotow, amma ya bar shi kwanaki ba taɓawa. Bamba da sauran sassan da suka zo da kurom, ka kankare wurin da gam zai taɓa. Idan ɗinkin mazubi ya ɓata su, ruwan bilic na wanki yana cire kurom ɗin, sai a gyara, a fesa baƙi mai sheƙi, a bi da fentin kurom. Fitilun baya ka shafa X-27 ja mai nuna ciki, sigina X-26 ruwan lemo, da azurfa a bayansu. Layukan ƙofa ka ɗiga musu launin da ya ɗan fi na bodi duhu. Baƙi ƙirin a kan farar mota yana yin yawa.

Wurin saka shasi cikin bodi ka sa safar hannu, ka ɗan buɗa gefen bodin, ka shigar da ɓangare ɗaya sannan ɗayan. Madubi da waifa da mariƙin ƙofa su ne na ƙarshe, da farin gam ko ɗigon sufa gulu a kan tsinke. Ba a matso gam daga kwalba kai tsaye zuwa kan mota.

Idan ta kammala ka sa ta a akwatin roba mai nuna ciki ko kabad mai gilas, nesa da taga. Rana tana sa sitika ta yi rawaya, zafin cikin mota ko na ɗakin kwano a watan Afrilu kuma yana iya lanƙwasa roba. Wasu tayoyin, musamman na tsofaffin kwalaye, suna cin robar da suka jingina da ita, don haka ka fente bakin wili kafin ka sa taya, kada kuma ka bar taya kwance a kan gilas a cikin kwali. Ƙura da buroshin kwalliya mai laushi ake kaɗe ta, ƙyalle yana tafiya da madubi. Ragowar sassa da sitika ka adana su a gwangwani, guntun firam ma idan aka ɗumama shi a kan kyandir aka ja, yana zama eriyar rediyo. A mota ta biyu za ka iya gwada launi biyu ko mai ƙyalƙyalin ƙarfe. Baƙi dai ka bar shi sai ta huɗu ko ta biyar, shi ne launin da ke nuna kowane ƙarce.